Bayan Gilashi, a Rosario

Shekara goma sha tara ina bayan gilashin nan,
ina lasar yatsa, ina ƙirga abin da ba nawa ba.
Na san ƙamshin sabuwar takarda
ranar da motar babban banki ta sauke ta:
auduga ce da tawada,
da zare mai ƙyalli in ka ɗaga ta ga haske,
da fuskar wani mamaci da ba ya bin kowa bashi.
Injin da ya buga ta bai san darajarta ba.
Ta biyu da ta ɗari, nauyinsu ɗaya a tafin hannu.

Yau tun hantsi aka sauke ƙofar ƙarfe.
A waje mata na dukan tukwane da ludayi,
ƙarar na shiga har cikin haƙorana.
Ta wata 'yar kafa na hango Ofelia Brandán
mai gasa burodi a kwanar layinmu,
fulawa ba ta gama fita daga farcenta ba,
ta ɗaga littafin ajiyarta sama da kai
kamar mai tsallaka kogi da jariri.

"Nicanor! Da hannunka ka karɓa.
Ina kuɗina?"

Da bakina zai buɗu, da na ce:
Uwa, kuɗinki ba su taɓa kwana nan ba.

Ranar da Anselmo Quiroz ya zo neman rancen kwalekwale
ban taɓa makullin akwati ba.
Lambobi biyar na danna,
sai ga kuɗi a asusunsa
waɗanda jiya babu su a duniya.
Ya sa hannu cewa zai biya.
Sa hannun nan shi ya haife su.
Ya biya kafinta, kafinta ya biya mai katako,
mai katako ya aurar da ɗansa,
ke kika gasa burodin bikin,
kika kawo mini cinikin a ƙulle cikin gyale.

To abin da ke tsaye bayan lambarki ke nan:
kwalekwale a kogin Paraná,
kifin da bai shiga koma ba tukuna,
rufin kwanon wata malamar makaranta,
da tarin takardun gwamnati
da ke cewa "zan biya",
alhali ita ma kofa-kofa take bi.

Akwatin namu rijiya ce.
Kowa ya ja guga ɗaya, ta ishi gari har jikoki.
Gari duka ya zo da tulu rana ɗaya,
kafin azahar sai laka.

Ban faɗa ba. Manaja ya ce a kashe fitila.
Nawa albashin ma yana ciki,
lamba ce a allo, kamar nata.

Da magariba na fita ta ƙofar baya,
na cire lakatayi na cusa a aljihu.
A gida yara uku, a jakata ko sisi.
Na yi zagaye biyu kafin ƙafata ta yarda
ta tsaya a shagonta.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana.
Tukunyar da ta daka tana kan teburi, duk ta lotse.
Sai ta naɗe burodi biyu,
ta yagi gefen jarida, ta miƙo fensir:
"Rubuta. Nicanor Ledesma, biyu, zai biya."
Na rubuta, hannuna na rawa.

Ranar Alhamis na ga takardar
a hannun yaron mai kawo mata itace.
Ya karanta sunana, ya ɗaga ta ga haske,
ban san me yake nema ba,
ya ninke ta huɗu, ya sa a hula.